Kwana uku ina zagin direba, ashe kebul ne

Birnin Kebbi, daren Laraba

Salam mutumina, ya Kano ya karatu? Mu nan zafi ne kawai ke gasa mu, ka dai san Kebbi in damina ta kusa. Inna na gaishe ka, ta ce tun da ka tafi ko flashin ba ka yi mata ba, ni dai na isar da saƙo.

ESP32 ɗin nan, ɗan ƙaramin allon kwamfuta, da ka ba direban mota ya iso lafiya, na gode Allah ya bar zumunci. Ka tuna dai aikin, so nake ya riƙa auna danshin ƙasa a gonar shinkafar Baba can fadamar Argungu, don a daina tada injin ban ruwa ana ƙona fetur a banza. To wallahi kwana uku cur ban ma kai ga maganar gona ba. Na jona shi da laftof, jar fitilarshi ta kama tas, na buɗe Arduino IDE, manhajar rubuta mishi kod, na je wurin Port inda ake zaɓar allon da aka jona, shiru, ko dannuwa ba ya yi.

Sai na ce ai direba ne, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane abin da aka jona mata. Na sauke na cif ɗin CH340 tunda shi allon Arduino Uno ɗina na China ke amfani da shi, na saka, na kashe kwamfuta na kunna, babu. Washegari na ɗauko waya na zuma kyamara kan ɗan baƙin cif ɗin nan mai kusurwa huɗu da ke kusa da bakin USB, sai ga CP2102 a rubuce, wato na Silicon Labs ne ba na WCH ba, ashe direban wata mota na ɗauko gaba ɗaya. Na sauke na CP210x ina murna har na fara cika baki a gida, nan ma shiru kake ji, ga data na ta tafiya ga wuta an ɗauke batir saura 20.

Abin da ya fargar da ni ƙara ce. Ka san ɗan kukan da Windows ke yi in ka soka filash, to wannan ko uffan. Na buɗe Device Manager, wato jerin abubuwan da ke jone da kwamfuta, ina zare kebul ina mayarwa, jerin ko motsi bai yi ba. Kuma in da direba ne matsalar ai da na ga wani abu ƙarƙashin Other devices da alamar nan ruwan ɗorawa, tunda babu komai kenan kwamfutar ba ta ma san an yi baƙo ba. Kebul ɗin kuwa na cajin tocila ne na zaro daga ɗakin Inna. Don haushi na sa reza na fede shi, waya biyu ce kacal ciki, ja da baƙa, wuta zalla. Na data huɗu ne, da kore da fara, su ke ɗaukar magana. Na ari na tsohuwar Tecno ɗin ƙanwata ina sokawa sai ƙiliin, ga COM5 ya fito a Port, kai har tsalle na yi.

Bai ƙare nan ba fa, wajen loda kod ya tsaya yana Connecting da ɗige-ɗige har ya gaji, sai da na danne maɓallin BOOT na riƙe tukuna ya shiga. Serial Monitor kuma, tagar da ke nuna saƙon allon, ya riƙa zubo wasu haruffa kamar rubutun aljanu, na bar saurin saƙonshi a 9600 alhali na kod ɗin 115200 ne, wannan minti biyu na gyara.

Yanzu yana nan kan tabarma da sensa mai auna danshi a cikin gwangwanin madara cike da ƙasa, ina ɗiga ruwa lamba na sauka. Kebul ɗin ƙanwata na naɗa mishi jan salatif, ta ce sai na biya ta, Inna kuma har yanzu tana neman na tocilarta ban ce komai ba.

Don Allah in ka shiga Sabon Gari duba min sensa capacitive guda biyu, irin wanda ƙarfenshi ba ya taɓa ƙasa, wannan mai ƙafa biyun tsatsa zai ci shi a fadama, ka haɗo da kebul na kirki ka gwada shi a shagon kafin ka biya. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Naka har kullum.