Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Sana'ar Busasshen Mangwaro

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso, har da ledar busasshen mangwaron da ka aiko a ɗanɗana. Mahaifiyarka ta cinye rabi kafin ta miƙo mini. Ya yi daɗi, ba musu. Inda gabana ya faɗi shi ne da ka ce za ka sayar da filinka ka zuba kuɗin duka, wai ai busasshen kaya ba ya lalacewa.

Shekara 20 na yi a kasuwar 'Yan Lemo, na san halin mangwaro. Daga Maris zuwa wajen Yuni motoci ke sauke shi, musamman daga Binuwai, har a rasa inda za a taka. Bayan nan sai dai labari. Ke nan abin da za ka sayar shekara guda, cikin wata uku za ka saye shi, ka fere, ka yanka, ka busar. Kuma kilo ɗaya na busasshe yana cinye ɗanye fiye da kilo 10, don ƙwallo da ɓawo da ruwa duk sun tafi. Ka sa wannan a lissafinka? In kuma shekarar ta zo da ƙudan nan mai sa wa mangwaro tsutsa, ko iska ta kakkaɓe fure, farashin kwando zai tashi, kai kuma ka riga ka yi wa masu kanti alkawarin farashi.

Maganar ba ya lalacewa kuwa, bari in ba ka nawa. Wata shekara na jibge buhunan dabino a ɗakin zaure ina jiran ya yi tsada. Cikin Agusta na kwance bakin buhu ɗaya, sai wari mai tsami ya buge ni, na ɓare ƙwaya guda na ga ƙwari suna yawo a ciki. Rabin kayan awaki suka ci. Laimar damina ba ta san busasshe ba. Leda in ba ta liƙe sosai ba, fumfuna za ta shiga. Injin busarwa kuma wuta yake so ko gas, ka san yadda wutarmu take.

Ka ce za ka haɗa da dabinon Nijar. To, ka tuna 2023: bayan juyin mulkin watan Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, azumi ya riga ya kama. Ledar da ake buga suna a jiki ita ma dala take bi, ka dai ga yadda naira ta zube tun Yunin 2023.

Sai mai saye. Magidancin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, masara zai fara auna, yaro kuma a ba shi aya ko biskit. Masu sayen naka manyan kantuna suke shiga, su kuma kantunan ba sa karɓar kayan da ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. In sun karɓa ma, cewa za su yi ajiye, in an sayar a biya ka. Kuɗinka ya kwanta a kanta wata da watanni, ranar ƙarewar wa'adi na matsowa, su dawo maka da ragowar. Turai da kake hange kuwa, mutanen Bobo-Dioulasso a Burkina Faso sun daɗe suna kai nasu can, sun san hanya.

Ba hana ka nake yi ba. Ka bar filin nan. Ka fara da abin da ke hannunka, ka nemi lamba, ka ba kanti biyu ko uku, kayan su ga damina ɗaya mu gani. In ka zo hutun sallah ka taho da littafin lissafinka mu zauna.

Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a ƙaro leda biyu.

Wassalam,
Mahaifinka.