Sanarwa Kan Shirin Karin Kumallo a Makaranta

Assalamu alaikum, iyaye da malamai ƴan wannan rukuni. Da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa.

Ana gayyatar kowa zuwa taron da za a yi ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 10 na safe a ɗakin taro na makaranta, domin a tsara yadda za a fara ba yara karin kumallo kafin darasin farko. Malamai sun daɗe suna kawo kuka cewa akwai ɗaliban da ke zuwa ba su karya ba, tun kafin hantsi za ka ga sun kifa kai a kan tebur, darasi na tafiya hankalinsu na wani wuri. Yawancinsu daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi suke.

Kwamiti ya ba da shawarar a ciyar da kowane aji gaba ɗaya, kada a ware kowa, saboda yaro kan gwammace ya wuni da yunwa da a nuna shi da yatsa a gaban abokansa. A ganina shawarar ta dace, ko da yake za ta ƙara kuɗin da ake buƙata.

Duk wanda zai taimaka da kuɗi, ko kayan abinci, ko lokacinsa wajen girki da rabo, ya rubuta sunansa kafin ranar Juma'a. Idan akwai abincin da jikin ɗanka ba ya karɓa, ka sanar da ni ta saƙon sirri. Don Allah, ban da saka sunayen yara mabuƙata a nan rukunin.

Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Sakataren kwamiti