Teku ba kogi ba ne: kira ga iyayen da ke kai yara hawan igiyar ruwa

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana da 'yan'uwana mazauna Legas, da waɗanda ke zuwa mana hutu daga gida, kafin Sallah ta ƙaraso. Maganar a kan wani wasa ce da ya fara shiga ran yaranmu a bakin teku, wato hawan igiyar ruwa cikin ɗan kwalekwalen roba da ake kira kayak.

Ni mutumin Yawuri ne. A bakin kogin Kwara na tashi, tun ina makarantar allo nake riƙe filafili, yau kuma sana'ata gyaran injin jirgin ruwa a Apapa. Na faɗi haka don kada a ɗauka wani matsoracin ruwa ne ya zo hana yara walwala. Ni kaina ina son wasan. Wani abokin aikina yana da nasa kayak ɗin, mukan ɗora shi a jirgi mu tsallaka Tarkwa Bay da iyali idan an samu hutu. Wurin sai ta ruwa ake zuwa, kuma yana da sauƙin igiya saboda katangun duwatsun da Turawan mulki suka jera a mashigar tashar jiragen Legas a farkon ƙarni na 20, su ke karya ƙarfinta kafin ta iso. Da ka zagaya ɓangaren da hasumiyar fitilar jirage take, inda babu abin da ya tare tekun, sai ka ce wata ƙasa ka shiga.

Asalin kayak na mutanen Inuit ne na can ƙuryar arewacin Kanada da Alaska, da fatar dabbar ruwa suke yin sa don farauta. Wanda ake ba da haya a bakin teku yau na roba ne, a kansa ake zama, yana da 'yan ƙofofi da ruwa ke zurarewa, ba ya nutsewa. Abin da ke ruɗin iyaye ke nan. Jirgin ba ya nutsewa, amma yana kifewa, kuma yaron da ke kai yana nutsewa.

Ga yadda hawan yake ga wanda bai taɓa gani ba. Za ka tsaya da jirgin a gaɓa ka zuba wa ruwan ido tukuna, domin igiyoyin a jere suke zuwa, manya 'yan kaɗan sannan a ɗan lafa. A wannan lafawar ake fita. Ka saita hancin jirgin ya fuskanci igiyar sak, ka sunkuya gaba, ka tuƙa da ƙarfi har ka haye ta. Idan ka wuce inda take fashewa sai ka juyo ka fuskanci gaɓa ka jira. Da ka hango wadda kake so ta taso a bayanka, sai ka kama tuƙi da sauri. Za ka ji bayan jirgin ya ɗaga, sai kawai filafilin ya yi sauƙi a hannu, jirgin ya kama gudu da kansa. Daƙiƙa 10 ce ko ƙasa da haka, amma babban ɗana idan ya sauko bakinsa ba ya rufuwa. A lokacin nan aikin filafili ya koma na saita hanya, ka tsoma bakinsa a baya ta gefe. Idan hancin jirgin ya fara nitso sai ka kwanta baya, in ba haka ba ya soki yashi ya wuntsula da kai.

Wurin da ɗan kogi ke shan ƙasa shi ne ƙarshen hawan. Kusan kullum igiyar sai ta juya jirgin ya koma a gicciye, kumfa na dukan gefensa. Jikin mutum cewa yake yi ka kauce wa ruwan, ka karkata wajen gaɓa. Wanda ya yi haka ya kife nan take. Cikin igiyar ake karkata, a ɗora faɗin filafilin a kan kumfar a jingina da ita, ita ce za ta tura ka har tudu. Wannan ba a gadonsa a Kwara. Na san gwanayen da ke cin tsere a bikin Rigata, waɗanda ke tsayuwa a bakin kwalekwale suna jefa birgi ba su girgiza ba, amma da za a kawo su nan sai sun koyi wannan daga farko. Kogi hanya ɗaya ya sani, daga sama zuwa ƙasa. Teku yana turo ka, ya janye ka, ya kuma kwashe ka ta gefe, duk cikin minti guda.

A hutun da ya wuce, a wani wurin shaƙatawa da ba zan ambata ba, na ga wani bawan Allah ɗan Arewa ya biya kuɗin haya ya ɗora 'ya'yansa uku a kayak mai cin mutum biyu. Babu mai rigar kariya, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ko ɗaya, yaron da ke karɓar kuɗin ma bai kawo zancenta ba. Ƙaramin bai fi shekara 5 ba, yana zaune a tsakiya riƙe da rigar yayarsa. Na matsa na ce, "Alhaji, don Allah a sauke ƙaramin nan." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ruwan ko gwiwa bai kai ba." Gaskiya ya faɗa, a daidai lokacin bai kai ba. Igiya ta biyu ce ta ɗauki jirgin a gicciye ta kifar, yaran suka watse, jirgin ya taho da gudu ya daki wata mata da ke tsaye a ruwa a ƙwauri, ta zube. Ƙaramin an tsamo shi yana tari yana aman ruwan gishiri. Allah Ya tsare. Jirgin nan shi kaɗai yakan kai kilo 20 zuwa 30, ruwan da ke tura shi kuwa, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne, buhun siminti 20 ke nan. Shi ya sa idan jirgi ya kife ba a tsayawa tsakaninsa da gaɓa, ta ɓangaren teku ake zama a bar shi ya wuce, kuma ba a hawa inda mata da ƙananan yara ke wasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda iyaye ke zaɓar wa yara wurin shiga. Sai uwa ta duba dama ta ga kumfa, ta duba hagu ta ga kumfa, ta hango wani ɗan tsakani da ruwan ya yi luf, ya ɗan yi duhu, ta ce ku je can. Sau da yawa nan ne mafi hatsari. Duk ruwan da igiya ta jibge a gaɓa sai ya koma, kuma yakan haƙa wa kansa hanya cikin yashi ya bi da gudu zuwa cikin teku. Zurfin hanyar ne ya hana igiya fashewa a wurin. Gudun wannan ruwa mai komawa yakan wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya idan ya yi ƙarfi, zakaran ninƙaya na duniya ma ba zai ja da shi ba. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake fita da shi, gajiya da firgita ne ke kashewa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar komawa ta inda ya fito. Ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, domin hanyar ba ta cika faɗi ba. Iya ruwa fidda kai. Kai kuma da ke gaɓa, kada ka faɗa da kaftani. Jefa masa jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, ka kira masu ceto.

Zancen kaftani ya tuna mini da sutura. 'Ya'yanmu mata sukan hau da dogon hijabi da zani, kuma ban ce su tuɓe mutuncinsu ba. Amma hijabi har ƙasa idan ya jiƙe yana nauyi, yana naɗe hannu, yana iya rufe fuska a daidai lokacin da ake neman numfashi. 'Yata wando mai kauri take sawa da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi da ta cusa cikin rigar kariya, kuma babu abin da ya bayyana. Ita rigar kariyar a ɗaure ta tam, a ɗaga yaron ta kafaɗunta a gani. In ta zame ta haura kunnensa, ta yi masa yawa.

A kula da lokaci ma. Da damina, daga wajen Mayu zuwa Satumba, tekun nan ya fi hauka, saboda igiyoyin daga guguwar can kudancin Atlantika suke tasowa. Da hunturu yakan kwanta, sai dai iskar tana busowa daga tudu zuwa teku, tana iya kwashe jirgin da ake hura wa iska ta yi nisa da shi yaro bai ankara ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don wayar da kai a kan haka, kuma a watan Mayun shekarar ce jirgi ya nutse da ɗimbin mutanenmu a Warra, kusa da gida. Mu ba mu buƙatar a ba mu labarin rashin rigar kariya.

Roƙona, Edita, ku ware shafi guda a makon Sallah ku yi wannan bayani da Hausa, da zanen yadda ruwa mai komawa yake. Allunan gargaɗin da na gani a bakin tekun Legas da Turanci suke, da yawan masu zuwa kuwa samarinmu ne 'yan acaba da masu tura baro da suka samu hutun yini ɗaya. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na Jihar Legas tana tilasta wa fasinjan jirgi sa rigar kariya, ya kamata a matsa wa masu ba da hayar kayak su ma. Limamanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 kuma, idan an idar da sallar Idi ana sanarwa, a ƙara da minti biyu a kan teku, tunda daga filin Idin da yawa can za su nufa.

Na gode. Allah Ya kai mu Sallah lafiya.

Naku,
Wani ɗan Yawuri,
Apapa, Legas