Kafin ka biya hayar shekara a garin da aka tura ka aiki

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan shafi domin in yi magana da waɗanda takardar canjin wurin aiki ta iso hannunsu, ko suka samu sabon aiki a yankin da ba su taɓa zama ba. Na daɗe a sashen kula da ma'aikata. Ta teburina takardun nan suke bi, kuma nan masu su suke dawowa da koke bayan 'yan watanni. Da wuya koken ya zama na aikin. Kusan kullum na gida ne: ya yi nisa, ko unguwar ba ta karɓi iyali ba, ga shi an riga an biya kuɗin shekara guda.

Abin yakan faro ne tun ranar da takarda ta fito. Mutum ya kira ɗan'uwa ko tsohon abokin makaranta da ke can, ya ce a nemo masa gida. Shi kuma, da zuciya ɗaya, ya nemo kusa da inda yake zaune, domin nan ya sani. Ko kuma a haɗa shi da dillali, hotuna su fara shigowa waya: fenti sabo, tsakar gida a share, sannan a ce wani ma na so, in ba a biya yau ba an rasa. Ban ga laifin dillali sosai ba, la'adarsa yake nema, ba ta kuwa fitowa sai an biya. Amma hoto ba ya nuna yadda titin yake da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin.

Ni a wurina, neman gida daga ƙofar wurin aiki yake farawa, kuma da agogo ake auna shi. In an ce maka kilomita goma ne, ba a gaya maka komai ba, domin gada ɗaya ko mahaɗa ɗaya mai cunkoso tana iya mayar da tafiyar minti ashirin ta koma ta awa da rabi. Mu yi lissafi mai sauƙi. Wanda ke cin awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, kwana 5 a mako, in ya yi mako 48 a shekara ya zubar da awa 480 a hanya. Wato ranakun aiki 60 ke nan masu awa takwas-takwas, babu wanda zai biya shi ko ɗaya. A 2008 wasu masana tattalin arziki biyu 'yan Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan ma'aikata a Jamus, suka tarar cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi nuna rashin gamsuwa da rayuwarsu, kuma ƙarin albashi ko babban gidan da suka samu a nesa bai cike musu gurbin ba. Ni ma a rajistar zuwa aiki nake ganin haka. Makara ke fara bayyana, sai yawan neman izini, sai takardar roƙon a mayar da mutum inda ya fito.

Sai batun kuɗi. Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa, cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. A Amurka, 1981 aka sa wannan adadi ga mazauna gidajen gwamnati, kafin nan kashi 25 ne. Ba laifi a matsayin ma'auni, sai dai babu kuɗin mota a ciki. Shi ya sa wata cibiyar bincike a birnin Shikago ta ce a haɗa haya da sufuri wuri ɗaya, kada su wuce kashi 45. Gidan bayan gari mai sauƙin haya, in ka ɗora masa kuɗin mai ko na motar haya, da gyaran mota, da kai yara makaranta, sau da yawa sai ka ga ya kamo na cikin gari. Araha ba ta ado.

Shawarata ita ce mutum ya fara zuwa shi kaɗai, ya kama masauki na wata ɗaya ko biyu, ko da ɗaki ɗaya ne kusa da ofis. Na san akwai tsada, kuma rabuwa da iyali ba daɗi. Amma cikin wannan lokacin zai ji daga bakin abokan aiki inda suke zaune da dalilinsu, musamman waɗanda albashinsu bai fi nasa ba. Shawarar shugaba mai direba ba za ta amfane shi ba. In gida ya kwanta masa, ya je da sassafe ya bi hanyar zuwa aiki da irin abin hawan da zai riƙa shiga, ya sake komawa bayan duhu ya ga ko ana iya tafiya a ƙafa. Ya buɗe famfo, ya duba ƙarfin layin waya a cikin ɗaki, ya tambayi ko mita ɗaya ake rabawa da ko akwai tsohon bashin wuta a kanta. Ya kalli gindin bango daga waje, domin ruwan damina yakan bar shaida ko an shafe ta da fenti. Sannan ya samu wani ɗan haya a layin, ba a gaban dillali ba, ya tambaye shi me ya tayar da wanda ya bar gidan.

Mai iyali kuma ya tuna cewa shi kwana kawai yake yi a unguwar. Wanda ke wuni a gida, da yaran da za su bi hanyar makaranta, su ne mazauna na gaskiya, don haka kada a yanke magana ba su gani ba. In da hali, a bari zangon karatu ya ƙare kafin a kwashe su. Zama cikin 'yan yarenku yana rage kewa, ban musa ba, kuma ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare za ka san amfanin maƙwabcin da kuke jin maganar juna. Amma in unguwar tasu tana ɗaya gefen gari, ziyarar ƙarshen mako ta wadatar.

A takardar yarjejeniya, a nemi a rubuta abin da zai faru in an sake canza wa mutum wurin aiki kafin shekara ta cika: za a mayar masa da ragowar kuɗinsa, ko za a bar shi ya kawo wani ya ƙarasa? Wanda yake cikin wa'adin gwaji a sabon aiki shi ya fi kowa bukatar wannan.

Mu ma masu ɗaukar ma'aikata da namu alhakin. Ba daidai ba ne a miƙa wa mutum takarda ranar Alhamis a ce ya bayyana a wani yanki ranar Litinin, wannan gaggawar ce ke jefa shi hannun dillalin farko da ya ɗauki waya. Ina kira ga ma'aikatu da kamfanoni su ware masauki na wata ɗaya ga duk wanda suka tura nesa, su kuma biya alawus ɗin ƙaura kafin tafiya, ba sai mutum ya ci bashi ya tare ba.

Wassalam.

Naka,
Wani jami'in kula da ma'aikata