'Yan kasuwar Katsina, ku duba alƙaluman da ke hannunku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Manyan kamfanonin sadarwa da bankuna suna tace miliyoyin bayanan kwastomomi kafin su yanke shawara. Mai shago a Babbar Kasuwar Katsina ko dillalin hatsi a Mai'adua ma yana da irin nasa: littafin bashi, rasit na POS da sakonnin banki.

A fara da ginshiƙi biyar a manhajar lissafi ta Excel ko Google Sheets: kwanan wata, sunan kaya, yawa, kuɗin saye, kuɗin sayarwa. Sai an tara na wata 12 kafin a ga tashi da faɗuwar ciniki.

Wurin awo ake yawan tafka kuskure. Yau a rubuta tiya, gobe buhu, lissafin ya rikice. A tsaya kan awo ɗaya. Wasu kuma suna haɗa kuɗin da aka cira ta POS da cinikin shago, riba ta kumbura a takarda kawai. Azumi ma yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka cinikin sukari da gero a kwatanta Ramadan da Ramadan. Farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa yana taimakawa wajen cire tasirin hauhawar farashi.

Wassalam.

Wasu masu nazarin alƙaluma,
Katsina