Ɗaya yana da baiwa ya bar tilawa, ɗaya yana ƙoƙari ya raina kansa

Assalamu alaikum Malama. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk ma'aikatan wannan fili, ina roƙon a sakaya sunana in za a buga wasiƙar nan.

Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana biyar, amma maganar biyu daga cikinsu ce ta hana ni sukuni. Na farin, wanda ba na kama sunansa, shekarunsa 17, mai bi masa kuma 15. Makarantar hadda ɗaya muka sa su, malamansu ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana.

Babban tun yana ƙarami Allah ya ba shi kai. Shafin Mus'hafin Madina mai layi 15 ɗin nan, kallo biyu ko uku zai yi masa ya rufe ya kawo shi tsaf. Yana shekara 14 ya haɗa izu 60, ga kuma murya. Tun kafin ya kammala 'yan unguwa suka laƙaba masa Gwani, kuma ba baƙon da zai zo gidanmu babansu bai kira shi an ja masa aya ba. A musabaƙar ƙaramar hukuma shi ya zo na ɗaya. Da aka je matakin jiha sai aka ja masa a Baƙara, wurin da aka umarci Banu Isra'ila su shiga ƙofa suna masu sujada. Kin san ayar tana da 'yar'uwa a A'arafi, kalmomin kusan ɗaya, sai dai an gabatar da abin da aka jinkirta a can. Yaro ya zarce cikin A'arafi bai sani ba. Alƙalai suka kaɗa ƙararrawa, ya dawo, ya sake zarcewa. Daga nan muryarsa ta fara rawa, sauran tambayoyin ma bai kai su gaci ba.

Tun da ya dawo ya ajiye tilawa. In aka yi masa magana sai ya ce an zalunce shi ne. Malaminsa kuwa ya gaya wa babansu cewa ba wani zalunci, haddar ce ta daɗe da yin ramuka, domin yaron bai taɓa son muraja'a, wato bitar tsohon karatu, ba, sabon shafi yake so kullum tunda a nan ake yaba masa. Ni dai na lura cikin dare, in ya ga kowa ya kwanta, yakan buɗe Alƙur'anin, amma da ya ji motsin takalmi sai ya rufe ya ɗauki waya. Ƙanwarsa ce ta kawo mini maganar da ya yi mata, wadda ta fi faɗuwar tasa tayar mini da hankali. Wai in aka gan shi yana nanata shafi ɗaya kamar ƙaninsa, to me ya raba su? Wato ya gwammace haddar ta zube da a gan shi yana wahala a kanta.

Shi kuma ƙaramin, rabin shafi yakan ɗauke shi daga bayan asuba har lokacin tafiya boko, wani lokacin ma bai zauna ba sai ya koma kansa bayan magariba. Yana aji ƙasa wani malami ya taɓa ce masa a gaban yara, kai da yayanka kamar ba ciki ɗaya kuka fito ba. Yara suka riƙa kiransa daƙiƙi, har sunan ya bi shi gida. Bai taɓa yin fushi ba, bai kuma taɓa fashin karatu ba sai in zazzaɓi ya kwantar da shi. Yanzu ya taso daga Nasi ya kai Suratur Rum, izu 20 ke nan, kuma malaminsa na yanzu ya ce ko'ina aka ja masa a cikinsu ba ya tuntuɓe, domin ba ya ƙara sabo sai ya zaga tsoho. Malamin yana so ya sa shi a musabaƙar bana a rukunin izu 20. Yaro ya ce sam. Ya ce mini, "Umma, musabaƙa ta masu kai ce, ni ina yi ne don in samu abin yin salla." Na karanta masa hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa mai karanta Alƙur'ani yana cijewa, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya yi murmushi ya ce ai ya sani, shi ne mai cijewar. Duk maganar ƙarfafa gwiwa da aka yi masa sai ya mai da ita shaida cewa shi ba komai ba ne.

Ni 'yar alaramma ce, Malama. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a tsangayun gabas ya yi karatu, wajen Borno, da ruwayar Warshu, allo da tawada. A wurinsu mutum yakan bi matakai ne, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, kafin a yi maganar malam ko alaramma, balle gwani ko gangaran. Ba a ce wa mutum gwani don ya haddace da wuri, sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, manya sun duba rubutunsa a wurin darasu sun gamsu. Yakan ba mu labarin yadda gardawa ke fita ƙiskali, su kafa bukka a bayan gari, ba abin da suke yi sai tilawa dare da rana. Ya ce cikin sa'o'insa shi ne na baya, waɗanda suka riga shi sauka da yawansu kasuwanci ya ɗauke su karatun ya tafi. Shi kuwa har tsufa ya cim masa ba ya kwana bai biya izu-izunsa na ranar ba, yana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayi. Da yana raye ba zai yarda a kira ɗan shekara 14 Gwani ba, ko da wasa.

Babansu ba haka yake gani ba. A wurinsa baiwa baiwa ce, Allah ya ba wannan ya hana wancan, zakaran da Allah ya nufa da cara kuma sai ya yi. Shawararsa ita ce bayan Salla ya cire ƙaramin daga makarantar hadda ya riƙa tafiya da shi shago a kasuwar Sabon Gari, kuɗin makarantar kuma a ɗauko wa babban malami na musamman da zai shirya shi. Idonsa yana kan musabaƙar ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, inda zakaru ke samun motoci da kujerun Makka, wasu ma su wakilci Najeriya a Saudiyya. Mutumin kirki ne, kuma ba ƙin ƙaramin yake yi ba, gani yake yana sauƙaƙa masa. Ni ma ba na ƙin kasuwa, da ita muke ci. Amma in aka cire shi yanzu, an buga masa hatimi ke nan a kan abin da yara suka daɗe suna faɗa. Shi kuma babban, ban ga amfanin da malami na musamman zai yi wa wanda ke jin kunyar a ji shi yana maimaici ba.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. A gidan nan da unguwar nan, duk lokacin da aka yi hirar hadda, hirar kyauta ake yi, wane ya samu mota, wance ta samu kujera. Babban a cikin wannan hira ya tashi, da kyautar ta kuɓuce sai ya rasa dalilin karatun. Ƙaramin da ba wanda ya sa masa rai da kyauta, shi ne ya samo wa kansa dalilin da ya fi namu. Ina jin tsoron in na tura shi musabaƙa don ya ga darajar kansa, in ɓata masa wannan niyyar. In kuma na ƙyale shi, zai girma yana ganin duk wani abin ɗaukaka na wasu ne, ko a boko ko a sana'a.

To Malama, ta ina zan ɓullo wa babban? Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu, ban saba zama da shi mu yi doguwar magana ba, kuma ba na son in kafa masa misali da ƙaninsa in haddasa gaba tsakaninsu. In sa kawunsa ya yi masa magana, ko a mai da shi wata makarantar da ba a san shi da Gwani ba, ya fara bita daga farko kamar kowa? Ƙaramin kuma in matsa masa ya shiga, ko in bar shi da niyyarsa? Sannan wace irin magana zan yi wa maigida ya jinkirta batun shagon ba tare da ya ga na raina shawararsa ba? Malamin ƙaramin ya ce kafin ƙarshen watan nan zai miƙa sunayen masu shiga musabaƙar, don haka ina roƙon ki duba wasiƙata da wuri.

Allah ya ƙara miki basira, ya raya miki zuri'a.

Wassalam,
'Yar'uwarki daga Zariya