Zuwa Ga Bawana Bakatsine: Abin Da Ya Faru a Argungu

Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, bawana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya Fatakwal, ya ruwan nan naku da ba ya ɗaukewa? Shirun ya yi yawa. Tun ta'aziyyar Baffa ban sake jin muryarka ba, sai dai in ga ka leƙo WhatsApp ka gudu. Halinku ne Katsinawa, da kun ga teku sai ku manta da Kabawan da suka koya muku cin kifi.

Dama tambaya ce ta sa na ɗauki biro: filin nan na bayan tasha, kana so ko in sallami mai shi? Kullum sai ya yi mini sallama. To amma dakata tukuna, akwai labarin da yake cina tun da na dawo, kuma kai kaɗai za ka gane nauyinsa.

Hutun da aka ba mu a wurin aiki ya haɗe da ƙarshen mako, ya kuma faɗo daidai da bikin kamun kifi na Argungu. Muka kama hanya, ni da Dogo da yaron Yaya. Gidan Gwaggo muka sauka, don masauki ya ƙare kaf a garin, har zaurenta baƙi ne kwance reras. Ta tambaye ka, wai ina Bakatsinen nan da ya yi hawaye a kan yajinta. Na ce kana can kana tara kuɗin biyan bashin tuwon shinkafar da ka ci.

Maganar su, wato kamun kifin, ba sai na ja ta ba, ka gani da idonka. Kogin Matan Fada yana nan yadda ka san shi: a buga bindiga, dubban mutane su auka ruwa da homa da gora, a fito da giwan ruwa a kai ma'auni. Kabanci ma an yi, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa. Ni kuwa kunnena yana wajen makaɗan da ke cikin jiragen ruwa, suna bi suna zuga masunta. Ka san dama kiɗin ne yake kai ni.

Yaron Yaya ya dame ni da tambayar mafarin bikin, sai na ja shi gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar nan da aka gina a 1831. A nan na ba shi labarin 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su, bayan doguwar gabar da aka sha tsakanin Kabi da Sakkwato. Muna fitowa aka busa kakaki a ƙofar fada, algaita ta ɗauka, tambari ya amsa. Yaron ya ƙanƙame hannuna. Bai taɓa jin kakaki a fili ba sai a waya, kuma waya ba ta kai maka wannan rugugin da kake ji har cikin ƙirji. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, amma ka duba labaran da ake bayarwa, duk a kan nauyin kifi da motar da aka ba gwani suke ƙarewa. Makaɗa sai dai a nuna su ana wucewa.

Abin da ya ɓata mini rai da rana shi ne dandamali. A kira ƙungiya, kafin su gama ɗaure ganga su gaisa da jama'a, mai gabatarwa ya karɓe abin magana wai lokaci ya ƙure, manyan baƙi za su yi jawabi. Waƙar fada kuwa ba a yi mata gaggawa. Sai an yi shimfiɗa, an kafa gindi, 'yan amshi sun zauna a kansa, sannan jagora ya fara jero ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya. In ka yanke ta a minti biyar, me mutane suka ji? Ga kuma manyan lasifikoki a gefe suna ta zuba kiɗan kwamfuta.

Filin dambe ne ya ɗan wanke mini zuciya. Can babu mai cewa makaɗi ya yi sauri. Na tsaya dab da wani mai kalangu, ina kallon yadda yake matse tsarkiya a hammata yana saki, kalangun yana kiran taken wani ɗan dambe tun yana can bayan taro. Wallahi sai ga mutum ya ratso jama'a jikinsa yana tsuma, hannu a naɗe, ya zo gaban makaɗi ya durƙusa, ya miƙe ya ɓarke da kirari. Ba wanda ya ambaci sunansa da baki. 'Yan kokawa ma sun zo da nasu makaɗan, har da mutanen Nijar daga wajen Dosso da Gaya.

To, ga inda nake son zuwa. Daren Juma'a bayan isha'i, muna shan shayi, sai muka jiyo kotso daga wani lungu. Dogo ya ajiye kofinsa bai ce komai ba. Muka bi sautin har ƙofar wani gida, inda aka shimfiɗa tabarmi, fitila ɗaya a rataye. Wani dattijo ne daga ƙasar Zamfara. Mun same shi yana gasa fatar kotsonsa a gefen garwashi, yana murza ɗan baƙin danƙon nan na tsakiyar fata da babban yatsa, ya ɗan taɓa ya saurara, ya sake murzawa. Bai fara ba sai da muryar ta yi masa. 'Yan amshinsa biyu ne kacal, duk furfura. Na ukun bai zo ba, iyalinsa sun hana shi bin hanya.

Suka fara. Muryar tsohon tana nan da ƙarfinta, amma amshin ba ya cika, kana jin ramin da mutum ɗaya ya bari. Aka zagayo gindin waƙa na farko, aka sake zagayowa. Sai na ji murya a kusa da kafaɗata ta shiga, daidai inda ake bukata, ba gaba ba baya. Na waiga. Dogo ne.

Dogonmu fa! Wanda ya kusa fasa maka baki a makaranta ranar da ka ce masa ɗan maroƙa. Wanda ko a bikinsa bai yarda an kira makaɗa ba. Ya tashi ya cire hularsa ya je ya tsaya tsakanin tsofaffin nan biyu, ya karɓi amshi har aka kai ƙarshe, kuma babu kalmar da ta kuɓuce masa. Hawaye na zuba, bai share ba. Ni ma ban iya riƙe nawa ba. Da aka tsaya, dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, kai ɗan wa na?" Dogo ya faɗi sunan mahaifinsa. Tsohon ya yi salati ya kama hannunsa, ashe sun yi yawon kiɗi tare da marigayin tun suna samari. Ya ce, "Wagga murya ta gidanku ta, ba a aro nata."

Kada ka kuskura ka kira shi ka tsokane shi a kan wannan, na san ka. In za ka kira, ka yi masa barka kawai.

Mun zauna da dattijon har dare ya raba, kuma hirar ce ta hana ni barci. Na tambaye shi ina yaransa masu tasowa. Ya ce babu. Garinsu ya watse saboda 'yan bindiga, shi kansa yanzu a Gusau yake zaune a gidan 'yarsa. Samarin da ya fara koya wa, wasu sun tafi haƙar zinare wajen Anka da Maru, wasu suna acaba a birane. Ya ce da, in an yi kaka an kai amfani gida, gari ya kan yi kalankuwa, a kwana ana kiɗi, yaro yana raɓe a bayan ubansa yana tsintar amshi tun bai san ma'anarsa ba. Haka kowa ya koya. Yanzu wa zai tara mutane da dare a ƙauye? Ga sarakuna da masu sarauta da suke riƙe makaɗa da hatsi da sutura da doki, su ma yau ta kansu suke yi. Ka tuna wannan yanki ne ya fitar da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, duk da kotso suka yi suna. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, har gobe ana sa waƙoƙinsa a rediyo, amma wa yake tambayar inda masu gadon irin wannan kiɗi suke kwana?

Shi kansa bikin ka san sai da aka yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, daga na 2009 sai a 2020 ya dawo. Na yi murna da dawowarsa ƙwarai, kuma ina yi wa masu ɗawainiyarsa fatan alheri. Sai dai biki na 'yan kwanaki ba ya raya kiɗi. Kamar kasuwa ce, abin da aka noma a gona shi ake kawowa, in gonar ta mutu rumfa kawai za a tarar.

Af, kafin in manta, telanmu ya yi amarya, kuma kayan sallar mutane suna nan jibge bai taɓa ba. Mai babur ɗin nan abokin faɗanka ya zama mai unguwa, yanzu sai da rawani yake zuwa majalisa. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana zuwa islamiyya da kanta. Shinkafa ta yi kyau bana a fadama, in ka ga dama ka aiko a ajiye maka buhu tun ba ta hau ba.

Ga shawarar da muka yanke da Dogo a mota muna dawowa. Za mu je Gusau mu sami dattijon, mu zauna da shi a tsanake mu ɗauki waƙoƙinsa duka, da bayanin wanda aka yi wa kowace da dalilin yin ta. Ya yarda, har ya ce akwai waɗanda bai rera ba tun rasuwar ubangidansa. Dogo ya ce zai riƙa kai babban ɗansa duk hutu. Da bakinsa ya faɗa, ban roƙe shi ba. Abin da ya rage na'ura ce, don abin da na ɗauka da waya a daren nan duk ƙarar janareta ta cinye shi. Nan ne kai za ka shigo. Ka duba mana ƙaramar na'urar ɗaukar murya mai kyau a can wajenku, ka faɗa mini kuɗinta mu raba uku. Kuma ba za mu je hannu rabbana ba, sai mun haɗa wa tsohon abin da zai ji daɗi, shi da 'yan amshinsa, don sana'arsu ce, da ita suke ci. Kada ka ja lokaci, mutumin ya manyanta, kuma tari yana damunsa.

Bikin gaba kuwa babu uzuri, ka nemi hutu tun yanzu ka zo da yara su ji kakaki da kunnensu. Gwaggo ta ce za ta rage yaji saboda baƙi masu raunin harshe.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan auta. Dogo yana gaishe ka, yaron Yaya kuma ya ce a tuna maka alkawarin ƙwallo.

Naka har kullum,
Ubangidanka Bakabe